Kobo mai huda da dalar kaka: yaushe ya dace a biya ƙwararru su tantance tsohon kuɗi?

Da wuya a rasa gidan da ke da tsofaffin kwabbai a Gwarzo, Getso, Kabo ko Garo. Wasu a adakar tsohuwa, wasu a kunshin tsumma. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 cinikin gyaɗa ya bunƙasa, kuɗin Turawa suka ture wuri, suka shiga ƙauyuka da buhu-buhu. Yanzu kuma mutum zai gani a waya an sayar da wani tsohon kuɗi da tsada a Amurka, sai ya fara tunanin ko nasa ma a tura wa ƙwararru.

Manyan kamfanonin da ke wannan aiki biyu ne, PCGS da aka kafa a 1986 da NGC a 1987, duka na Amurka. Suna tabbatar da cewa kuɗin ba jabu ba ne, su ba shi maki daga 1 zuwa 70 gwargwadon lafiyarsa, sannan su rufe shi a cikin roba mai lamba. Ladan kowane kuɗi guda dalolin Amurka ne gommai, ban da kuɗin rajista, da na aikawa waje a dawo da shi, da inshora. To, sai a yi lissafi: in darajar da makin zai ƙara masa ba ta kai wannan ɗawainiya ba, an yi asara.

Kuɗinmu kuwa, akasarinsu ba su kai ba. Tsufa ba shi ke kawo tsada ba, ƙarancin abu ne da lafiyarsa. Kobo da ɗari da anini masu huda a tsaka, miliyoyi aka buga a Ingila. Har wanda ke ɗauke da sunan Edward VIII na 1936, sarkin da ya yi murabus bai cika shekara ba, wanda ake ta ruɗar mutane da shi, yana da yawa a hannun masu tarawa. Haka ma kwabban Tarayyar Najeriya na 1959 da aka kashe har zuwan naira a 1973.

Dalar Mariya Tareza ta fi yaudara. Za ka ga 1780 a jikinta ka ɗauka ta haura shekara 240. Ai 1780 shekarar rasuwar sarauniyar ce, kuma duk wadda aka buga bayan nan, har a ƙarni na 20, ita aka ci gaba da rubutawa. Don haka darajar galibinsu azurfar jikinsu ce: nauyi giram 28, kashi 83 cikin 100 azurfa. Wannan ba sai an je Amurka ba. Ka kai wa mai sayar da zinare ya ɗora a sikeli. Ka kara mayen ƙarfe, azurfa ba ta kama shi. In kana son ƙarin tabbaci, ka ɗora kofin ruwa a sikelin, ka mayar da shi sifili, ka rataya dalar da zare cikin ruwan kada ta taɓa ƙasa. Ta gaske za ta nuna kusan giram 2.7. Wadda aka zuba da ƙarfe mara nauyi sai ta yi kauri kafin ta kai giram 28, lambar sai ta haura.

Akwai inda tantancewa ke da riba. Sulalla da fataka na 1913 zuwa 1920 azurfa ne, in an sami wanda bai taɓa yawo a hannu ba, ya cancanci a duba. Akwai kuma na kuskure, kamar kobon 1956 da ya fito da sunan George VI alhali ya rasu tun 1952. Ka sa madubin ƙara girma ka karanta shekara, da sunan sarki, da ƙaramin harafin H ko KN da ke nuna masana'antar da ta buga, ka gwada da kundin masu tarawa a intanet kafin ka kashe ko sisi.

Abin da ya fi ɓata mana kaya shi ne goga. Lokacin bugu, ƙarfe na malala ƙarƙashin matsi ya bar wasu siraran layuka da ido ba ya gani, su ne ke ba sabon kuɗi sheƙinsa. Toka da lemon tsami da yashi suna kankare su, kuma ba sa dawowa. Kuɗin da aka goge, ko aka huda don sarƙa, ko maƙeri ya liƙa masa kunne, kamfanonin ba sa ba shi maki, sai dai su rubuta aibinsa. Hudar tsakiyar kobo ba ta cikin wannan, da ita aka buga shi. Amma dalolin da iyayenmu mata suka yi ado da su, yawancinsu sun faɗa nan.

Wanda kuma ya tono tukunyar kuɗi a gona ko kango, kada ya wanke, kada ya rarraba. Ya fara kai wa Gidan Makama a Kano, don fitar da kayan tarihi waje sai da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa.