Jirgin Dare Zuwa Ngaundere

'Yan'uwa, mun daɗe muna karɓar shanun Adamawa a Yawunde, amma ba mu taɓa ganin inda ake lodinsu ba. To, ranar nan mun shiga jirgin ƙasa da magariba. Tafiyar ta haura kilomita 600. Mun wuce Belabo cikin dare, sai da hantsi muka sauka Ngaundere, inda layin dogo ya tsaya tun 1974.

Mu da ke zaune, ga buta a hannu, mun galabaita. Ina ga sa a tsaye cikin tarago?

Mun ga fadar Lamiɗo, da dutsen nan mai kamar cibiya wanda garin ya ci sunansa. Amma a tasha muka fi daɗewa, muna roƙon masu lodi: don Allah a shayar da su kafin a rufe tarago.