Barbarar Barewar Amurka da Lokacin Farautarta



Dabbar da zan yi magana a kanta yau babu ita a dazuzzukanmu, saboda haka tilas mu fara da batun suna. Akwai wani dangin dabbobi a ƙasashen sanyi wanda masu fassara sukan kira barewa, wasu su ce kishimi, alhali kuwa ba gidansu ɗaya da barewarmu ba, ko gada, ko gwanki. Bambancin yana ga ƙaho. Ƙahon barewa ƙashi ne daga ciki da kube daga waje, irin na sa, ba ya yin rassa, kuma in ya fito ya fito ke nan har mutuwa. Na waɗancan kuwa ƙashi ne zalla mai rassa kamar ƙaramar itaciya, galibi namiji ne yake da shi, kuma kowace shekara yakan faɗi wani ya tsiro. A duk nahiyar Afirka iri ɗaya tak ne ɗan asali, a duwatsun Atlas na Tunisiya da Aljeriya. Irin da na zaɓa shi ne wanda Amurkawa suke kira mai farar wutsiya, domin in ya firgita yakan ɗaga wutsiya a hangi farin ƙarƙashinta. Don sauƙin magana zan riƙa cewa barewar Amurka, kuma zan tsaya a jihar Wiskonsin ta arewacin ƙasar, inda fiye da mutum rabin miliyan sukan saɓa bindiga su shiga daji na kwana tara a ƙarshen watan Nuwamba.

Ranar da ake buɗe wannan farauta ba da ka aka tsayar da ita ba. Tana jingine da wata tambaya: yaushe dabbar take barbara, kuma mene ne yake sanar da ita cewa lokaci ya yi?

Lissafi daga baya

Hanya mafi sauƙi ita ce a fara daga haihuwa a koma baya. Cikin barewar Amurka kwana 200 ne ko kusa da haka, kuma a Wiskonsin galibin 'ya'ya a ƙarshen Mayu da farkon Yuni ake haifuwarsu, sau da yawa tagwaye, kowane ɗa bai wuce kilo uku ko huɗu ba. Wannan ɗan lokaci shi ne mafi dacewa. Dusar ƙanƙara ta narke, ganye ya tofo, uwa tana samun abin da za ta yi nono. Wanda aka haifa a Afrilu sanyi zai kashe shi; wanda ya makara har Agusta ba zai yi jikin da zai jure hunturu ba. Mukan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma ɗan wannan, a makonninsa na fari, ko rarrafen ba ya yawan yi. Lafewa yake yi cikin ciyawa, uwar ta zo ta shayar da shi ta tafi. To, in aka ɗebe kwana 200 daga farkon Yuni, sai a faɗa cikin tsakiyar Nuwamba. Nan ne tsananin barbara.

Sai dai kuma dabba ba ta da kalanda. Maharba suna da amsoshinsu. Wasu su ce sanyi ne yake tayar da ita, wasu su ce cikar wata. Masana kuwa sun bi wata hanya mai sauƙin ganewa: sukan ɗauki matan da mota ta buge a ƙarshen hunturu, su auna tsawon ɗan tayin da ke ciki, su ƙirga baya su gano ranar da cikin ya shiga. Abin da suka tarar shi ne a wuri guda kwanakin ba sa gusawa sai kaɗan, shekara bayan shekara, ko an yi sanyi ko ba a yi ba. Mu da muke lissafin wata mun san yadda yake ja da baya da kwana goma sha ɗaya kowace shekara. Da shi ne yake riƙe da akalar, da an ga kwanakin suna yawo tare da shi.

Abin da yake riƙe da akalar shi ne tsawon yini. Wannan yana da wuyar shiga kan wanda bai bar ƙasarmu ba, domin a Kano tsakanin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai kai awa ɗaya da rabi ba. A Madisin, babban birnin Wiskonsin, yinin Yuni ya haura awa 15, na Disamba kuwa awa 9 ne. Ido yana kai labarin haske ga wani ɗan ƙullutu a cikin ƙwaƙwalwa, wanda yake zubo sinadarin melatonin da dare kawai. Yayin da dare ya yi ta tsawo, sinadarin yakan daɗe a cikin jini, shi kuma ya tayar da sinadaran haihuwa a jikin namiji da mace. Wani malami a Jami'ar Brown, Richard Goss, ya jarraba wannan a shekarun 1960. Ya tsare barewar Japan, 'yar'uwar wannan, a ɗaki, yana sarrafa fitila yadda shekara za ta zama kamar wata shida ko huɗu, sai dabbobin suka riƙa sake ƙaho sau biyu, har sau uku, a shekara guda. Har wa yau, a 1905 an kai barewar Amurka ƙasar Niyu Zilan, inda yanayi yake a juye, jikokinta kuwa a watannin Afrilu da Mayu suke barbara.

Ƙa'idar tana sassautawa in aka nufi kudu, inda hunturu ba ya kisa. A kudancin Alabama sai Janairu ko Fabrairu, a kudancin Fulorida tun Yuli da Agusta, a Benezuwela kuwa kusan kowane wata ana iya samun mai ciki.

Halin namiji

Duk tsawon lokacin zafi mazan a tare suke kiwo, uku ko biyar, lafiya lau, ƙahonsu yana girma cikin wata fata mai laushi kamar karammiski wadda take ɗauke da jijiyoyin jini. A ƙarshen Agusta ko farkon Satumba jinin yakan yanke, fatar ta bushe ta saɓule, ƙashi ya fito fili. Daga nan zumunci ya ƙare. Wuya yakan kumbura, kowa ya kama gabansa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina, a matsayina na ɗalibin harshe, shi ne yadda suke barin wa juna saƙo ba tare da sun haɗu ba. Na farko, namiji yakan goga ƙaho da goshi a jikin ƙaramar itaciya har ya ɓare ɓawonta, ya bar farin tabo da ake hange daga nesa, da warin goshinsa a kai. Na biyu ya fi wannan. Yakan sami reshe da ya sunkuyo daidai kansa, ya tauna bakinsa, ya shafa masa fuska, sa'an nan ya tone ƙasar da ke ƙarƙashi da kofato, ya haɗa ƙafafunsa na baya ya yi fitsari ta kan wani tuntun gashi mai wari da ke cikin gwiwoyin, fitsarin ya gangara cikin tonon. Duk wanda ya biyo, namiji ko mace, yakan tsaya ya sansana, wani ya ƙara nasa. Watau dai allon sanarwa ne na unguwa. Wannan aiki yakan tsananta a ƙarshen Oktoba, kuma na'urorin ɗaukar hoto da ake ɗaurawa a itatuwa sun nuna galibin ziyarar da dare ake yinta. Maharbin da ya yini yana gadin tono sau da yawa haka yake komawa gida hannu rabbana.

Farkon Nuwamba kuma sai nema. Macen yini ɗaya da kwana ɗaya kawai take karɓar namiji. In ba ta ɗauka ba, sai bayan kwana 28. Saboda haka namiji ba shi da hutu. Dabbar da duk shekara ba ta fita sai da almuru ko da asuba, yanzu ga ta da rana tsaka, hanci a ƙasa, tana ratsa gonaki da hanyoyin mota. In ya sami wadda ta kusa, yakan bi ta yini ɗaya ko biyu yana korar sauran maza, in an gama ya nemi wata. Ba ya tara garken mata kamar ɗan'uwansa na Turai. Faɗa na gaske, inda ake haɗa ƙaho ana turereniya, sai tsakanin tsara da tsara. Ƙarami yakan sunkuyar da kai ya ba da hanya. Cin abinci kuwa ya zama sai an tuna, har babban namiji yakan zubar da kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa, wani lokaci fiye, ga hunturu a bakin ƙofa.

Mutane ma suna biyan nasu kason. Wani bincike na 2022 ya ƙiyasta cewa motoci sukan yi karo da barewa wajen sau miliyan 2 a shekara a Amurka, mutum fiye da 400 su rasa rayukansu, kuma babu watan da ya kai Nuwamba.

A nan ya kamata a raba abu biyu da maharba sukan haɗa. Akwai barbarar kanta, akwai kuma abin da idon mutum yake gani. In aka yi ɗumi a farkon Nuwamba, dabbar da ta riga ta sa gashin hunturu takan kwanta da rana ta yi sha'aninta da dare, sai maharba su ce bana barbara ta makara. In Yuni ya zo, 'ya'yan a kan lokacinsu suke faɗowa.

Inda doka ta shigo

Wajen 1900 barewar Amurka ta kusa ƙarewa, saboda sare dazuzzuka da farautar kasuwa. An ƙiyasta abin da ya rage a duk ƙasar bai wuce rabin miliyan ba; yau ana batun wajen miliyan 30. Dokar tarayya ta 1900 ta hana ƙetare iyakar jiha da naman dajin da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba, ta 1937 kuma ta ware harajin bindigogi da harsashi don kula da namun daji. Wiskonsin ta kafa tata a 1915: maharbi guda, namiji guda, ban da mace. Hikimar a fili take. Namiji ɗaya yana isar mata da yawa, don haka kashe maza ba ya rage haihuwa sosai, musamman in an bari sai sun gama aikinsu.

Wannan ne ya sa farautar bindiga a jihar take farawa ranar Asabar da ke gaban Bikin Godiya, wanda ake yi ranar Alhamis ta huɗu ta Nuwamba. Ranar buɗewa ke nan tana faɗawa tsakanin 17 da 23 ga wata, lokacin da galibin mata sun riga sun ɗauka. Kwana shidan nan ba ƙaramin abu ba ne. A 2018 an buɗe ranar 17, maza suna kan yawo. A 2019 sai ranar 23, sun gaji sun lafe, abin da aka kashe ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ko da yake dusar ƙanƙara da masarar da ba a girbe ba sun taimaka. Maƙwabta kowa da nasa ra'ayi. Minisota takan buɗe a farkon Nuwamba, cikin tsakiyar nema, maharba su sami sauƙi, amma samarin maza da yawa ba sa ganin shekara ta biyu. Mishigan ta tsaya a kan 15 ga wata. Ayowa takan jira har Disamba, kuma ta yi suna da manyan maza masu shekaru. Masu kwari da baka kuwa tun tsakiyar Satumba ake sakinsu a Wiskonsin, domin a da abin da suke kashewa kaɗan ne. Tun da aka halatta wa kowa baka mai kunama a 2014, kason mazan da ake kashewa cikin tsananin barbara ya ƙaru, masu bindiga suna gunaguni.

Dokar kare mace ta yi aiki har ta wuce gona da iri. Kyarkeci, wanda shi ne mai rage garke, an ƙarar da shi a jihar wajen 1960, bai dawo ba sai a shekarun 1970. Tun kafin haka barewa ta yi yawa a arewacin jihar, tana cinye ƙananan itatuwa, ta mutu da yunwa a hunturu. Aldo Leopold, malamin Jami'ar Wiskonsin wanda aka naɗa shehin malamin kula da namun daji a 1933, ya dage cewa sai an harbi mata. A 1943 aka yarda, aka kashe da yawa, jama'a suka fusata, ya sha zagi har rasuwarsa a 1948. A ganina gaskiya tana wajensa, domin yawan garke a hannun mata yake. Amma mutumin da kakansa ya koya masa cewa harbin mace abin kunya ne, ba lissafi ne zai sake masa zuciya cikin shekara ɗaya ba.

Rigimar ba ta kwanta ba. A 2002 aka gano cutar ramewa a jikin barewa uku da aka harbe kusa da garin Mount Horeb. Cuta ce ta ƙwaƙwalwa, ba ta da magani, tana bin miyau da fitsari da kashi, kuma ta fi kama manyan maza, watau masu yawon nan na Nuwamba. Hukuma ta yi ƙoƙarin rage garke da wata ƙa'ida wadda ta ce sai maharbi ya kawo mace kafin a ba shi izinin namiji. Ƙa'idar ta rage yawan dabbobin, maharba kuwa suka ƙi jininta, majalisar jihar ta soke ta a 2011. Tun daga nan cutar ta bazu zuwa gundumomi da yawa, kuma hukumomin lafiya suna ba da shawara a gwada naman kafin a ci, in an sami cutar a zubar da shi.