Tsohon Matuƙin Inji Da Sabon Allon Taswira: Sai Da Tafinta

Duk wanda ke neman abinci a bakin ruwa, ko Apapa ne, ko Warri, ko Fatakwal, ya san wasu daga cikin ƙananan jiragen da ke kai da kawo na hannu ne, daga Turai ko Amurka aka sayo su. Da yawansu sukan zo da wata na'ura mai riƙe wa direba sitiyari, wadda ma'aikatan jirgi ke kira otofailot, watau matuƙin inji. Aikinta shi ne a nuna mata kusurwa, ta duba kamfas, ta yi ta gyara kan jirgi kada ya kauce.

To, rigimar takan taso ne ran da mai jirgi ya sayo sabon allon taswira, mai nuna inda jirgi yake ta hanyar tauraron ɗan Adam. A kafa allo, a tsara hanya a kai, a ce matuƙin inji ya bi, shi kuwa ko gezau. Nan sai a ce ya mutu, a fara lissafin kuɗin sabo. Sau da yawa kuwa lafiyarsa lau. Harshe ne ya bambanta.

Ga yadda abin yake. A 1983 wata ƙungiyar masu ƙera kayan lantarkin jiragen ruwa ta Amurka ta fito da wani tsari, NMEA 0183, don na'urori su riƙa jin maganar juna. A tsarin nan na'ura ɗaya ce ke magana a kan waya, saura sai sauraro, kuma ɗigon saƙo 4,800 kaɗai ke wucewa a daƙiƙa. Kamfanin Autohelm na Ingila ya fito da nasa a 1989, mai suna SeaTalk, na waya uku. Kamfanin nan Raytheon ya saye shi a 1990, daga baya sashen ya zama Raymarine a 2001. Sabbin alluna kuwa NMEA 2000 suke ji: babbar waya guda ta ratsa jirgi, kowace na'ura ta rataya a jikinta, ta faɗa ta kuma ji, ɗigo 250,000 a daƙiƙa. Wasu allunan ma ba a yi musu ƙofar tsohon harshen ba sam.

Maganin shi ne wani ɗan akwati mai aikin tafinta, da ake sawa tsakani. Raymarine na da nasa don SeaTalk, kamfanin Actisense na yin na NMEA 0183. Abin da tafintan zai isar ba shi da yawa: ga kusurwar zango na gaba, ga nisansa, ga kuma yawan kaucewar jirgi daga layi, dama ko hagu. Wannan na ƙarshe shi ne uwa uba, domin da shi matuƙin ke komo da jirgi kan hanya in iska ko igiyar ruwa ta ture shi.

Amma fa a nan masu gyara ke yin tuntuɓe. Launin wayoyin NMEA 0183 ba ɗaya ba ne daga kamfani zuwa kamfani, wanda ya bi launi bai duba littafi ba yakan juya su. Wani kuma ya bar ƙofar a gudun 38,400, wanda aka tanada don na'urar gane jirage, tsohon matuƙi kuwa ba ya jin wannan sauri. Babbar wayar NMEA 2000 ita ma tana son matoshi a kowane ƙarshe, biyu cif, kuma kada a ba wayar SeaTalk wuta daga wuri biyu. Sai batun arewa. Akwai arewar taswira, akwai ta kamfas, in allo yana lissafi da wannan, matuƙi da waccan, jirgi zai yi ta tafiya a karkace.

Kada kuma mai jirgi ya yi saurin cire tsofaffin maɓallan matuƙin don ya ga allo ya fi kyau. In kamfaninsu ba ɗaya ba ne, galibi allo zai ba da hanya, amma ba zai iya kunna matuƙin ko sakinsa ba. Da tsohon maɓallin nan ne direba ke karɓe sitiyari in abu ya taso.

Abu kuwa yana tasowa. Matuƙin inji ba shi da ido. Bai san kwalekwalen masunta ba, balle gungumen katako ko kainuwar da ke toshe lagun ɗin Ikko, kuma tudun yashi a rafukan Neja Dalta yana ƙaura ba tare da taswira ta sani ba. Dokar hana karo a teku ta 1972 ta wajabta wa kowane jirgi ya kasance da mai tsaron hanya a kowane lokaci. Saboda haka gwajin farko bayan haɗin, da rana ake yinsa, a faffaɗan ruwa, a hankali, hannun direba na kusa da maɓallin saki har jirgi ya juya a zango biyu ko uku yadda aka tsara.