Maginan Randar Inabi na Ƙasar Jojiya

A ƙauyen Vardisubani, kusa da garin Telavi a gabashin ƙasar Jojiya, akwai gidajen da suka gaji ginin randa kaka da kakanni. Sai dai randar tasu ba irin wadda mutum zai rungumo da hannu biyu ba ce. Wata ta fi ƙaton namiji tsawo, sai an jingina tsani ake leƙa cikinta, tana kuma cin lita dubu biyu ko fiye. Cikinta faffaɗa, bakinta matsattse, gindinta tsini, don haka ba ta iya zama da kanta. Dama ba don ta zauna a sarari aka gina ta ba, binne ta ake yi har wuya. Mutanen ƙasar suna ce mata kwebri, na yammacin ƙasar su ce churi, kuma a cikinta suke tsima giyar inabi.

Ga Musulmi giya haramun ce, kyan randa kuwa bai sauya hukuncin abin da aka zuba a ciki ba. Jojiya ƙasar Kirista ce tun ƙarni na 4, inabi ya shiga cocinsu da bukukuwansu da jana'izarsu. Abin da ya ja hankalina shi ne maginin, mutumin da ke ɗaukar yumɓu ya tayar da abu mai girman ɗan ƙaramin ɗaki da tafin hannunsa, ba inji, ba ma'auni, ya kuma daɗe ana amfani da shi bayan shi maginin ya bar duniya.

Kowane yankin inabi a duniya yana da mazubin da ya dogara da shi. A Bordo ta Faransa gangar katakon oak ce mai cin lita 225, a Burgundi mai 228. Manyan kamfanonin Kalifoniya da Ostareliya tankokin ƙarfe suke kafawa, da na'urar da ke riƙe musu sanyi yadda suke so. Ana samun manyan tukwanen ƙasa a La Mancha ta Sifaniya da Alentejo ta Fotugal, amma yawanci a tsaye suke cikin ɗaki. Jojiya ce ta riƙe binnewa ba ta saki ba. Ta kuma daɗe a kai. A 2017 wasu masana, ciki har da Patrick McGovern na Jami'ar Pennsylvania, suka bayyana sakamakon gwajin da suka yi wa tsingaron tukwanen da aka tono a Gadachrili Gora da Shulaveris Gora, kudu da Tibilisi babban birnin ƙasar. Sun tarar da burbushin sinadarin inabi a jikinsu, shekarun tukwanen kuwa sun kai wajen 8,000. A 2013 hukumar UNESCO ta sanya wannan hanya ta kwebri cikin jerin al'adun gado na duniya.

Aikin daga ramin yumɓu yake farawa, shi ya sa sana'ar ta maƙale a 'yan ƙauyuka: Vardisubani a lardin Kaheti, sai Shrosha da Makatubani da Tkemlovana a Imereti. Kowane gida ya san inda yake haƙa. Za a tsince tsakuwa da saiwa, a jiƙa, a cuɗa, wani ya haɗa da yashin rafi gwargwadon halin ƙasarsa. Ɗan dutse guda da ya kuɓuce wa ido yana iya fasa randa a wuta, aikin wata uku ya tafi a banza.

Da tsinin gindi ake somawa, a kafa shi a tokare shi. Daga nan magini zai murza yumɓu ya yi kauri kamar damtse, ya ɗora a gefen bakin, yana zagaya randar da ƙafarsa, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje, yana matsawa yana shafewa har sabon ya haɗe da tsohon. Randar ba ta juyawa, shi ne yake juyawa. In ya ƙara kamar taƙi guda sai ya bar ta. Nan ne duk ƙwarewar take. In ya ɗora sabon zagaye na ƙasa bai sha iska ba, nauyi zai lotsa shi. In ya bari na ƙasa ya bushe da yawa, ba za su kama juna ba, kuma wannan tabon yana nan ɓoye sai ranar da aka cika randar ta tsage ta wurin. Don haka yakan rufe bakin da takarda ko ƙyalle ya riƙe danshi, ya tafi kan wata. Magini ba ya gina guda ɗaya, jere yake yi, shida ko takwas a ɗaki guda, yana bin su bi da bi, suna tashi tare. In sun fi ƙarfin tsayinsa sai ya kafa katako ya hau.

Ɗakin ginin a rufe yake ruf, domin iska mai ratsawa takan busar da gefe guda ta bar ɗayan. Sanyin hunturu ma abokin gaba ne, ruwan da ke cikin yumɓu in ya daskare ya gama da aikin, shi ya sa daga bazara zuwa kaka kawai ake gini. Babbar randa takan ci wata biyu zuwa uku kafin a kai wuyanta, sannan a ba ta makonni ta bushe a inuwa.

Sai toyi. Tanderun ɗaki ne sosai na bulo. Majiya ƙarfi za su taru su lallaɓa randunan ciki, a gine ƙofar da bulo, a hura wutar itace. Kwanakin farko 'yar wuta ce kaɗan, don sauran danshi ya fita a hankali, daga baya a ƙara har zafi ya kusanci digiri 1,000. Kusan mako guda ana yi dare da rana, ana karɓa-karɓa wajen tura itace. Tsofaffin magina launin harshen wuta suke kallo su san an kai. In an kashe, sai a jira kwanaki kafin a rushe ƙofar, a lokacin ne kowa zai ga abin da ya samu. Mai saye da ya san abin da yake yi yakan ƙwanƙwasa jikin randar ya kasa kunne. Wadda ta toyu da kyau ƙara take yi garau, mai ɓoyayyen tsagu kuwa muryarta a dushe take.

Tun tana da ɗumi ake shafe cikinta da narkakken kakin zuma, ya shige 'yan ƙofofin yumɓun ya hana tsattsafo. Akwai gardama a nan tsakanin masu sana'ar: wasu na ganin randar da ta toyu sosai ba ta buƙatar kaki mai yawa, kuma yawan kaki sau da yawa rufa asirin toyin da bai kai ba ne. Ni ma ra'ayina ya fi karkata can. Bayanta kuma a yaɓe da farar ƙasa, wadda ke ƙara mata ƙarfi ta kuma kare ta daga saiwar itatuwa. Daga nan sai marani, wato ɗakin da ake binne su. Wanda ya shiga marani ba abin da zai gani sai bakuna a jere a daɓe, randunan duk suna ƙarƙashin ƙafarsa. Duk wanda ya taɓa shan ruwan randar da aka kafa cikin jiƙaƙƙen yashi a kusurwar ɗaki ya san dalilin binnewar: ƙasa tana riƙe sanyi daidai, rani da hunturu, ba tare da wutar lantarki ba.

Sai mutum ya ga abin da ke faruwa a ciki zai gane dalilin tsinin gindi. Lokacin girbi, wanda suke kira rtveli, a watannin Satumba da Oktoba, akan tattake inabi a cikin wani dogon kwami da aka fafe daga gungumen itace. A Kaheti ruwan da tuƙar duka ake jibgawa a randa, ɓawo da ƙwallaye har da tsinkayen, ko da farin inabi ne irin Rkatsiteli ko Mtsvane. Ba a cika ta fal, saboda in ya fara tashi kumfa yake yi. Mako biyu ko uku ana danna tuƙar da ke tasowa da sanda, sau da yawa a yini. In ya lafa sai a ɗora faifan dutse ko katako, a liƙe da ɗanyen yumɓu, a bar shi sai bazara. Cikin watannin nan ƙwallaye, da yake sun fi nauyi, su ke fara gangarawa cikin tsinin, sauran gurɓin ya sauka ya lulluɓe su, ya raba ɗacinsu da ruwan da ke sama. In aka buɗe a watan Maris ko Afrilu, ruwan ya tace kansa, launinsa ya koma ruwan zuma. Da orshimo ake kwasa, ludayin duma ne a kan doguwar sanda. Mutanen Imereti ɗan kaɗan suke sa tuƙa, nasu ya fi sauƙi. Ashe siffar da magini ya ba randa ita ce matatar, binnewar kuma ita ce na'urar sanyin. In ya kuskure kwanar cikin, mai inabi ne zai biya.

Akwai wata sana'ar da ke rataye da wannan, ba a cika ambatonta ba: wankin randa. Mutum zai sauka ciki da tsani, cikin duhu da zafi, yana gurzar bango da dunƙulen ɓawon itacen ceri da aka ɗaure a sanda, yana ɗauraya da ruwan toka ko na farar ƙasa, ana kwashe ruwan ana sakewa har ya fito fes. Aiki ne mai haɗari, don iskar da tsimi ke fitarwa takan kwanta a gindin randa ta shaƙe mutum, shi ya sa akan fara zura kyandir a ga ko zai mutu. Yawancin giyar kwebri da ta lalace, in aka bi diddigi, wanki ne bai yi ba.

Sana'ar ta kusa mutuwa a ƙarnin da ya wuce. Daga 1921 zuwa 1991 Jojiya tana ƙarƙashin mulkin Sobiyet, gwamnati kuwa yawa take nema. Aka kafa manyan masana'antu da tankoki, aka taƙaita noma ga 'yan irin inabi masu yawan 'ya'ya, a ƙasar da ke da iri fiye da 500. A 1985 yaƙin da Mikhail Gorbachev ya ƙaddamar da shan barasa ya sa aka tuge gonaki da dama. Abin da ya ceci kwebri shi ne bayan gidan talaka, inda kowane magidanci yake da 'yan randunansa biyu ko uku na amfanin gida, su ne suka sa 'yan maginan da suka rage ba su rasa na cefane ba.

A 2006 Rasha, wadda ita ce babbar kasuwar giyar Jojiya, ta hana shigo da ita, ba ta janye ba sai 2013. Dole ta sa masu giyar suka nemi masu saye a Turai da Amurka da Japan, suka kuma tarar cewa abin da waɗannan ke so shi ne abin da ba su da shi a gida. Tun kafin haka wani mai inabi ɗan Italiya, Josko Gravner, ya je Jojiya a 2000, ya sayi randuna ya binne a gonarsa da ke Oslavia, daga 2001 ya fara aiki da su. Wasu suka bi sahunsa. Sufayen gidan ibada na Alaverdi, da ke lissafin maraninsu tun daga 1011, su ma suka farfaɗo da nasu. Yau ana loda kwebri a kwantena zuwa ƙasashe masu nisa, duk da cewa har yanzu ɗan ƙaramin kaso ne na giyar Jojiya ake yi a cikinta.

Wannan kasuwa ita ce abin da ke ba ni tsoro. Oda ta yi yawa, magina kaɗan ne, yumɓu kuma bai san sauri ba. Mai gaggawa zai rage kwanakin bushewa, ya rage itacen toyi, ya toshe aibin da kaki da siminti, randar ta yi kyan gani ta fara yoyo bayan 'yan shekaru a ƙarƙashin ƙasa, inda tono ta kaɗai wahala ne. Ga shi koyon aikin shekaru yake ci, a tsaye, cikin laka, samarin ƙauyukan kuma hankalinsu yana Tibilisi ko ƙasar waje. Sunan mai gonar ne ake bugawa a jikin kwalba, da sunan inabin da shekarar girbi, da wuya ka ga na wanda ya gina randar. A ganina kamfanonin da ke tallar kansu da hoton kwebri su ya kamata su ɗauki nauyin yaran da ke koyo a gaban tsofaffin maginan Vardisubani da Shrosha, su biya su albashi har su ƙware, su kuma yarda su jira randa ta bushe a lokacinta.