Ko Ka Sani? Ba Batir Ne Ke Riƙe da Wutar Mota Ba

Babban aikin batir a mota bai wuce na 'yan daƙiƙoƙi ba: ya juya kika har inji ya tashi. Daga nan, duk wutar da fitilu da hon da fanka da fulogi ke ci, altaneta ce ke samar da ita, kuma ita ce ke mayar wa batir abin da ya kashe wajen tayarwa. Batir randa ce, altaneta mai ɗebo ruwa. In mai ɗebowa ya daina zuwa, sha ba ya tsayawa sai an ga gindin randa. Shi ya sa mota kan yi nisa da mataccen caji direba bai farga ba. Tsohuwar Hiace mai injin dizil tana iya tasowa daga Doso da rana, ta cinye kusan kilomita 140 har Dogon Dutsi lafiya lau, domin injinta ba ya bukatar tartsatsin fulogi. Amma da an kashe ta a tasha, sai turi. Da dare kuwa fitilu ke zuƙe batir, hasken ya yi ta dushewa, wata sa'a tun ba a kai Kore Mairuwa ba.

Tushen altaneta shi ne abin da Michael Faraday ya gano a Ingila a 1831: in maganaɗisu ya gilma kusa da waya, wuta na gudana a cikinta. A tsakiyar altaneta akwai dunƙulen ƙarfe mai naɗin wayar tagulla, wanda bel ke juyawa da saurin da ya ninka na inji sau biyu ko uku. Burushi biyu na gawayi ke shigar masa da 'yar wuta, ya zama maganaɗisu, ya haifar da wuta a kwayil uku da ke kewaye da shi. Wutar da ke fitowa mai kai da kawo ce, batir ba ya karɓar irinta, sai ta bi ta diyod shida sun daidaita ta. Regileta kuma ita ke hana ƙarfin ya wuce kima. Kafin altaneta, dinamo ake sa wa motoci, wadda cajinta kan yi rauni in inji yana silo. Kamfanin Chrysler na Amurka ya fito da motar Valiant da altaneta a 1960, sauran kamfanoni suka bi sahu.

Yanayin Arewa ba ya raga wa altaneta. Zafin Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40, yana gajiyar da diyod da regileta, yana ƙafar da ruwan batir. Ƙurar hunturu na shiga ta ƙofofin iska ta cinye burushi da boris. Gargadar hanyoyin jar ƙasa na Matankari da Dogon Kiriya da Gesheme tana kwance noti, ta sassauta kan batir. Da damina kuma ga ruwan koramun da ke gangarowa Dallol Mawri. Akwai wata cutar da ta fi kama Hiace da Hilux masu tsohon injin dizil: famfon da ke taimaka wa birki a bayan altaneta yake maƙale, kuma baƙin mai ke ratsa shi. In robar da ke tare man ta mutu, sai ya tsiyaya ciki, ya haɗu da ƙura ya zama kwaɓa, burushi su maƙale.

Alamar farko ita ce jar fitila mai hoton batir a gaban direba. Ƙa'idarta ta kama in an murɗa makulli, ta mutu da inji ya tashi. In ta ƙi mutuwa, babu caji. In kuwa ba ta kama ba sam, wannan ma abin dubawa ne, domin a tsofaffin motocin Turai da dama, irin su Golf, ta cikin wannan ƙwan wutar farko ke isa altaneta, har ƙonewarsa kaɗai na iya hana caji. Ƙara mai tsini da safe ko in an kunna fitila, bel ne ke santsi. Gurnani mai ƙaruwa in an taka totur, boris ne. Warin ruɓaɓɓen ƙwai, da batir mai zafi ko kumburi, da ƙwayayen fitila masu yawan ƙonewa, suna nuna caji ya yi yawa.

Alama dai zato ce, mita ke yanke hukunci. Cikakken batir da ya huta yana nuna bolt 12.6, in ya sauka 12.2, rabinsa ya tafi. Da inji a kunne, a ga tsakanin 13.8 da 14.4, kuma kada ya faɗi ƙasa da 13.5 in an kunna manyan fitilu da fanka an ɗan taka totur. In lambar ba ta motsa daga inda take ba, babu caji. In ta haura 15, regileta ta lalace. A manyan motoci masu batir biyu, wajen 28 ake nema. Daga nan mai gyaran wuta ya auna a bakin altaneta kanta. In can akwai 14 amma batir na ganin 13, laifin na waya ne, ko fis, ko kan batir da farin gari ya rufe, ko wayar da ke haɗa inji da bodi. Diyod da ya huje kuwa ta baya yake sata: mota ta kwana lafiya, ta wayi gari batir babu komai.

Akwai gwajin da ya zama ruwan dare a gareji, wato zare kan batir inji na aiki, wai in mota ba ta mutu ba caji na nan. Wannan ɗabi'a ta cancanci a bar ta. Batir ne ke shanye hauhawar wuta, kuma da an zare shi ƙarfin na iya tsalle ya ƙone diyod, a motocin zamani har da ƙwaƙwalwar inji, wadda kuɗinta ya ninka na mita sau da yawa.

Abin takaici ne yawan batir da altaneta da ake sauyawa alhali lafiyarsu ƙalau. A fara da mai araha. Bel mai ɗauri daidai, in an danna tsakiyarsa da babban yatsa, bai kamata ya lotsa fiye da santimita ɗaya ba. Kan batir a kankare shi, a wanke da ruwan zafi, a ɗaure, a shafa giris. Burushi da ya gajarce ƙasa da milimita 5 ana sauya shi, haka regileta da boris, kowanne shi kaɗai. Sai in kwayil ya ƙone, ya yi baƙi yana ƙauri, ko gidan ya tsage, sannan maganar sauya altaneta gaba ɗaya ta taso.

In za a sauya, a kashe inji, a fara cire kan batir na bodi, mai alamar ragi, domin babbar wayar altaneta da wuta take kwana ko makulli na aljihu. Sifana ta taɓa ta ta taɓa ƙarfe, sai tartsatsi da ƙuna. A lura da yadda bel ya zagaya kafin a sassauta shi, a zare soket da babbar waya, a kwance notocin da ke riƙe da ita. Kafin a biya kuɗin wata, sabuwa ce ko ta hannu, a jera ta da tsohuwar: kunnuwan ɗauri, yawan layukan fuli, bakin soket, da adadin amfiya da ke rubuce a jikinta, wanda a ƙananan motoci yakan kama daga 70 zuwa 120. Ta hannu a juya ta a saurari boris, kuma a yi sharaɗin mayarwa in ba ta yi caji ba.

Batir da ya kwanta a kai shi caji ya cika tukuna, don tilasta wa altaneta ta cika shi daga tushe yana gasa ta. A mayar da komai, a ja bel daidai, domin ɗauri fiye da kima na kashe boris, kan batir na bodi ya zama na ƙarshe. Sannan a tayar, a kunna fitilu, a sake aunawa. In baƙin mai ne ya kashe ta farko, a toshe inda yake zuba kafin mota ta bar gareji, in ba haka ba sabuwar ma ba za ta daɗe ba.