Fadar Zazzau: mun iya ɗaukar hoto, amma wa ya iya ginin?

Duk Sallah sai hotunan ƙofar fadar Zazzau su cika Instagram da TikTok. Ni ma ina cikin masu yi, ba ƙarya. Daga Abakpa mukan hau mota a tashar Kawo, tafiyar kusan kilomita 80, mu je Zariya mu kalli hawa, mu tsaya gaban zanen nan mai launuka a ɗauke mu, shi ke nan mu juyo. Sai ran nan ƙanena ya nuna wani abu mai tsini a saman ginin ya ce, "Yaya, mene ne sunan wannan?" Wallahi sai na yi shiru. Zanko ake ce masa, daga baya na sani.

Mu 'yan cikin garin Kaduna ba mu da tsohuwar fada, domin Turawa ne suka kafa garin, ya zama hedikwatar Arewa a 1917. Amma unguwarmu a ƙarƙashin masarautar Zazzau take, saboda haka wannan fada tamu ce.

Ginin sarauta na Hausa ba tara ƙasa ba ne kawai. Da tubali ake ɗora bango, wato curin ƙasa da ake busarwa a rana, a yi shi da kauri yadda zafi ba zai ratsa ba. Shi ya sa za ka shiga soro da tsakar rana ka ji sanyi, babu ko fanka. Rufin kuwa azara ce, daga itacen giginya, wadda gara ba ta cika ci ba. Matsalar azara ita ce ba ta ɗaukar nauyi idan tazarar ta yi faɗi. Sai magina suka gano dabara: su riƙa jera ta, wata na ɗorawa kan wata daga bango zuwa bango har su haɗu a tsakiya, a lulluɓe da ƙasa. Wannan shi ne bakan gizo. A waje kuma a shafe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, don kada ruwan sama ya zaizaye bangon.

Gwanin wannan aiki shi ne Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani. Shi ya gina masallacin Juma'a da ke kusa da fadar a zamanin Sarki Abdulkarim, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846. A shekarun 1970 aka yi sabon gini na siminti, abin da ya rage na tsohon yana cikinsa. Mutum nawa a cikinmu suka taɓa ɗaga kai suka dube shi?

A ƙasar Siwidin akwai fadar Drottningholm. Sarkinsu na zaune a wani sashe, baƙi na shiga sauran suna jin tarihi, kuma tun 1991 UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya. Ba na cewa tasu ta fi tamu. Abin da ke damuna shi ne, fenti kowa zai iya sabuntawa, amma bakan gizo sai wanda ya koya a hannun magini. A layinmu na Abakpa bulo da kwano ne ko'ina, kuma duk samarin da na tambaya ko sun taɓa ganin ana ɗora azara, babu wanda ya ce e.