San Ma'auni Kafin Ka Yi Ciniki

Idan kaka ta yi, kowa yakan kai amfanin gonarsa kasuwa. Wani ya tsaya kasuwar Samaru, wani ya wuce Sabon Gari, wani ya nufi Giwa. Da isarmu, tambayar farko ita ce, "Nawa tiya yau?" Amma akwai tambaya ta biyu wadda ba mu cika yi ba, ita ce, "Wace tiya?" Rashin yin wannan tambaya yana jawo wa manomi hasara mai yawa.

Ga misali. A ce ka auna masara tiya 40 a gida, ka ɗinke buhu. A kasuwa mai saye ya kawo tasa tiyar, wadda ta ɗara taka girma. Ya auna, ya ce 36 ya samu. Ka rasa tiya 4 ke nan. Idan buhu 10 ka kawo, ka rasa tiya 40. Buhu guda cur ya tafi, alhali ba ɓarawo ya shiga rumbunka ba. Shi ya sa a wannan wata za mu yi bayani a kan ma'aunai.

Ma'aunai iri uku muke da su

A kasuwanninmu ma'aunai iri uku ne suke cuɗe da juna. Akwai na gargajiya, akwai na Turawan Ingila, akwai kuma na zamani, wato su mita da kilo da lita.

Na gargajiya su ne waɗanda muka gada kaka da kakanni. Masaƙi yana auna saƙa da kamu, wato daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Mai haƙar rijiya yana ƙirga zurfi da gaba, wato buɗe hannuwa biyu. Manomi yana ƙirga gero da dawa da dami. Mai jaki yana lissafi da mangala. Hatsi kuma ana auna shi da mudu. A wajen zakka har yau muna aiki da sa'i, wanda yake mudun Annabi huɗu ne.

Waɗannan ma'aunai sun yi wa iyayenmu amfani. Matsalarsu ɗaya ce. Kamun dogo ba ɗaya yake da na gajere ba. Damin wannan gari ya fi na wancan gari. Idan mai saye da mai sayarwa sun san juna, ba komai. Amma idan baƙo ya shigo ciniki, sai gardama.

Turawan Ingila ma da jiki suka fara awo. Shi ya sa suke da ma'aunin da ake kira ƙafa. Suna da irin tasu gabar, mai tsawon ƙafa 6, wadda matuƙan jiragen ruwa suka daɗe suna auna zurfin teku da ita. A bakin teku, kamar Legas, ruwa yakan cika ya janye kusan sau biyu a kowace rana, saboda jan da wata yake yi masa. Dole matuƙi ya san zurfin ruwa daidai, in ba haka ba jirginsa ya kafe a yashi. Irin wannan aiki ba ya son awon kowa da nasa. Ciniki tsakanin garuruwa ma haka ne. Don haka a shekarar 1824 Ingila ta yi doka ta daidaita ma'aunanta, sannan ta baza su a ƙasashen da ta mallaka.

Yadda suka iso Zariya

Wajen shekarar 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso Zariya. Sabon Gari ya kafu kusa da tashar jirgi. Kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna, suna sayen auduga da gyaɗa da fatu a kan sikeli. A nan iyayenmu suka koyi laba da oza da tan. Masu sayar da tufafi suka zo da yadi. Kananzir ya zo cikin garwa, ana lissafinsa da galan. Aka kafa alamun mil a bakin hanya. A shekarar 1922 aka fara binciken aikin gona a Samaru, malaman gona suna auna gonaki da eka.

Bayan samun mulkin kai, Nijeriya ta canja tsari. Ranar 1 ga Janairu 1973 aka bar fam da sule, aka koma naira da kwabo. A shekarar 1974, zamanin Janar Yakubu Gowon, aka yi dokar ma'aunai wadda ta ɗora ƙasa a kan mita da kilo da lita. Wannan tsari daga Faransa ya samo asali, kuma da shi yawancin ƙasashen duniya suke aiki, har da maƙwabciyarmu Nijar. Sauƙinsa shi ne komai goma-goma ne, ɗari-ɗari, dubu-dubu.

To amma tsohon suna ba ya saurin mutuwa. Har yau dattawa sukan kira naira 200 jaka guda, domin fam 100 ke nan a tsohon lissafi. Garin Milgoma da ke gaba da Samaru, kusa da Shika, daga mil goma ya samo sunansa. Haka ma Miltara a Kano. Tela yana nan da inci, mai sayar da atamfa yana nan da yadi, dillalin fili yana nan da ƙafa. Saboda haka dole mu san tsohon da sabon, mu kuma san yadda ake mayar da wannan zuwa wancan.

Awon tsawo

Inci 12 su ne ƙafa ɗaya. Ƙafa 3 su ne yadi ɗaya. Wato yadi inci 36 ne. A sabon tsari, santimita 100 su ne mita ɗaya, mita 1,000 kuma kilomita ɗaya.

Mita ta fi yadi tsawo da inci uku da ɗan ɗori. Bambancin kamar kaɗan ne, amma yana taruwa. Mita 10 kusan yadi 11 ne. Idan ka biya kuɗin mita 10 na leda ko tiyo ko waya, aka auna maka yadi 10, an rage maka kusan yadi guda. Atamfa yadi 6 kuwa mita 5 da rabi ce.

Dubi tef ɗin tela da kyau. Fuska biyu gare shi. Fuska mai manyan tazara ta inci ce. Mai ƙananan tazara ta santimita ce. Idan malamin gona ya ce a bar santimita 75 tsakanin kunya da kunya, yana nufin kusan inci 30, wato ƙafa biyu da rabi. Yanki kara mai wannan tsawo ka riƙa gwadawa da shi.

Game da tafiya, mil 5 kilomita 8 ne. Mil 10 kilomita 16 ne.

Awon nauyi

Oza 16 su ne laba ɗaya. Giram 1,000 su ne kilo ɗaya. Kilo 1,000 su ne tan ɗaya na zamani. Abin da za ka riƙe shi ne, kilo ya ninka laba sau biyu har da ɗori. Kilo 10 laba 22 ne.

A nan ne karatu yake yi maka rana. Wasu sikeli suna da layin lambobi biyu. Layin da aka rubuta kg shi ne na kilo. Wanda aka rubuta lb shi ne na laba. A ce ka je sayen kaya kilo 50. Mai sayarwa ya nuna maka allura a kan 50, amma a layin lb. Abin da ya ba ka bai kai kilo 23 ba. Ka ga ko rabi ba ka samu ba.

Kafin a ɗora kaya, duba ka ga allura tana kan sifiri. Idan kana shakkar sikeli, akwai gwaji mai sauƙi. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. Ɗora jarka wofi ka ga nauyinta. Sannan ka zuba ruwa lita 10. Ya kamata allura ta ƙaru da kilo 10.

Buhun takin zamani da na siminti kilo 50 ne, a rubuce yake a jikinsu. Buhun hatsi kuwa mukan ce kilo 100 ne, amma ba kullum ba. Wani buhun ya fi wani faɗi. Wani mai saye yakan sa a danna hatsi, a ƙara baki a ɗinke. Sunan dai buhu ne, amma abin da ke ciki ya bambanta.

Mudu da tiya

A yawancin kasuwanninmu ana lissafin tiya ɗaya mudu biyu, buhu kuma tiya 40. A Kano an fi cewa kwano. Amma ka sani, mudu da tiya cika suke aunawa, ba nauyi ba. Tiyar gyaɗa mai ɓawo ba ta kai nauyin tiyar ɓararriyar gyaɗa ba. Hatsin da bai gama bushewa ba kuma, idan ya bushe zai rage nauyi, ya rage cika.

Hanyoyin tauye mudu sanannu ne. Wani yana da mudu biyu, babba na saye, ƙarami na sayarwa. Wani yana buga gindin mudu ya lotsa ciki don ya rage ci. Wani idan yana saye sai ya tare bakin tiya da hannu, hatsi ya yi tozo ya hau har damtsensa. Ba duka 'yan awo ne suke haka ba. Masu gaskiya suna da yawa. Amma rigakafi ya fi magani.

Awon ruwa da mai

Galan na Ingila lita 4 da rabi ne. Garwar kananzir ta da galan 4 take ci, wato lita 18. Galan na Amurka kuwa bai kai lita 4 ba. Robar da muke kira galan a kasuwa, wata lita 4 ce, wata lita 5. Don haka idan za ka sayi fetur na injin ban ruwa, ko manja, ko man gyaɗa, ka tambayi lita nawa ne. Sau da yawa akan rubuta a gindin robar ko a gefenta.

Wajen maganin feshi abin ya fi haɗari. Lita ɗaya mililita 1,000 ce, ana rubuta ta ml a jikin kwalba. Tankin feshi na goyo wani lita 15 yake ci, wani 16, wani 20. Karanta tankinka, karanta kwalbar, ka auna daidai. Idan magani ya yi yawa yana iya ƙona shuka. Idan ya yi kaɗan, ciyawa da ƙwari ba za su mutu ba, kuɗinka sun tafi a banza. Kada ka auna magani da cokali ko kofin da ake ci da sha da su.

Awon gona da fili

Eka da hekta ba ɗaya ba ne. Hekta fili ne mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100. Eka kuwa kusan yadi 70 ne tsawo, yadi 70 faɗi. Hekta ɗaya kusan eka biyu da rabi ce.

Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda take ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, da hekta take ba da shawara a kan iri da taki. A ce an gaya maka buhu 5 na taki ake sa wa hekta ɗaya. Idan gonarka eka ɗaya ce, buhu 2 ya ishe ka. Wanda ya zuba buhu 5 a eka ɗaya ya yi ɓarnar buhu 3. Wanda kuma ya sa buhu 2 a hekta guda, masararsa za ta yi yunwa.

Don ka san girman gonarka, sami igiya ka auna mita 10 da tef, ka ƙulla. Ku biyu ku bi tsawon gonar da faɗinta kuna ƙirgawa. Sannan a ninka tsawo da faɗi. Idan lissafi ya ba da 10,000, hekta ɗaya ke nan. Idan ya ba da kusan 4,000, eka ɗaya ce.

Filin gida da ake kira hamsin da ɗari, ƙafa ake nufi. A mita, kusan 15 ne da 30. Idan za a rubuta takardar ciniki, a rubuta ƙafa ne ko mita. Lamba kawai ba ta isa ba. Rigimar fili da yawa daga nan take farawa.

Abin da za ka yi

Na ɗaya, ka auna kayanka a gida, ka rubuta a takarda kafin ka fita.

Na biyu, ka tafi da tiyarka. Kafin a fara awo, a juye cikin tiyarka a tiyar mai saye, kowa ya gani.

Na uku, ku daidaita a kan irin awon tun kafin a kwance buhu, da tozo ne ko a shafe, da hannu ko babu hannu.

Na huɗu, idan a sikeli ne, ka tsaya inda za ka karanta lambar da idonka.

Na biyar, idan kuna da ƙungiyar manoma, ku haɗa kuɗi ku sayi sikeli da tef na ƙungiya.

Na shida, idan an tauye ka, kada ka yi faɗa. Kai ƙara wurin shugaban 'yan awo ko sarkin kasuwa. Gwamnatin tarayya ma tana da sashen duba ma'aunai a ma'aikatar ciniki, wanda aikinsa ne binciken sikeli da famfunan gidajen mai.

Kai ma idan kai ne mai awo, ka cika wa ɗan uwanka mudu kamar yadda kake so a cika maka.

Ga aikin gida ga 'yan ajin yaƙi da jahilci. Manomi yana da gona eka 5. An ce buhu 4 na taki ake sa wa hekta ɗaya. Buhu nawa zai saya? Ku yi lissafi, ku nuna wa malaminku.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.